Kalar da ka gani a hannunka ba ita kifi yake gani ba, kurakuranmu masu fatsa a ruwan Legas

Ranar Lahadin da ta wuce mun tsallaka Tarkwa Bay da wani ƙanena da muke zaune tare a Obalende, yaron ya tara kuɗinsa ya sayo kifin roba har guda shida dukkansu ja jawur, wai mai shagon ya ce masa kifi jini yake so. Ya ɗaura dalma mai nauyi yana jefawa can bakin duwatsu inda ruwan yake da zurfi, tun hantsi har la'asar ko taɓa ƙugiyar ba a yi ba, muka dawo hannu rabbana. Abin ya tsaya min a rai wallahi, don kuɗi ne ya tafi a banza kuma kuskure ne da kusan kowa yake yi idan ya baro tana da jatan lande ya koma amfani da kifin roba.

Ruwa yana shanye haske ne kala bayan kala. Hasken rana da muke gani fari a haɗe yake da launuka, da ya shiga ruwa ja ne yake fara mutuwa. A teku mai garai-garai, wajen mita 5 ja ya dusashe ya koma kamar ruwan ƙasa mai duhu, ruwan lemo yana kaiwa wajen mita 10, rawaya wajen mita 20, kore ya ɗara haka, shuɗi shi ne mai dogon kwana shi ya sa tsakiyar teku take shuɗiya. Masu nutso da tukunyar iska sun san wannan, idan mutum ya yanke a can ƙasa jinin baya fitowa ja, kore-kore yake fitowa mai duhu. To jan kifin roban ƙanena yana nan da fentinsa babu abin da ya same shi, hasken da zai nuna jan ne bai kai wurin ba, abin da kifi yake gani wani abu ne mai duhu a gaban duwatsu masu duhu. Kuma wani abu da mutane suke mantawa, ba zurfi kaɗai ake lissafawa ba. Hasken sai ya sauka ya sami robar, sannan ya taso daga jikinta ya tafi idon kifi, idan robar tana mita 2 kifin kuma yana nesa da ita mita 4 to tafiyar mita 6 kenan hasken ya yi. Gyaran mai sauƙi ne, ja da ruwan lemo ka bar su a sama-sama da inda ruwa bai da zurfi, idan za ka sauka ƙasa a ruwa mai haske ka ɗauko fari, azurfa, shuɗi ko kore.

Amma fa a nan ne kuskuren da ya fi damuna yake, kuma masu karatu a intanet su suka fi faɗawa ciki. Mutum zai ga wancan jadawalin na mita 5 da mita 10 a wayarsa ya haddace, sai ya ɗauko shi ya kawo lagun, wato babban tafkin nan na Legas da yake haɗe da teku, ƙarƙashin gadar Third Mainland ko Epe ko rafin Badagry, ya ce ai shuɗi ne ya fi kaiwa nesa. Wancan lissafin na ruwan teku ne mai tsabta ɗan uwa. Lagun ɗinmu yawancinsa bai da zurfi, wurare da yawa ko mita 2 ba su kai ba in banda hanyar jiragen ruwa da aka yashe, kuma kogin Ogun yana zubo masa laka da ruɓaɓɓen ganye musamman daga Yuni zuwa Oktoba lokacin da kainuwar nan take rufe ruwa. Ruwa mai kalar shayi irin wannan shuɗi yake fara cinyewa, rawaya da ruwan lemo da ja su suke saura. Wato abin ya juye gaba ɗaya. Shuɗin da zai yi maka aiki a bayan duwatsun bakin teku shi ne zai ɓace ɓat a Makoko. A irin wannan ruwan abin da nake sawa shi ne ruwan zinare, rawaya irin ta danfo, ruwan lemo, ko kuma tsanwar nan mai ƙyalli irin rigar masu aikin titi da daddare. Ita wannan mai ƙyallin dabararta daban ce, fentin yana karɓar hasken da ya rage a ruwan ya mayar da shi kalarsa, shi ya sa take ci gaba da haske a inda fenti na gama-gari ya riga ya mutu.

Kuma ko a wuri ɗaya ruwan Legas ba ya zama iri ɗaya daga safe zuwa yamma. Sau biyu a rana teku take cikowa ta janye. Idan tana cikowa ruwa mai haske yana shigowa ta mashigar Commodore inda teku take haɗuwa da lagun, idan tana janyewa ruwan lagun mai dauɗa ne yake fita. Na sha ganin mutum ya kama kifin barakuda biyu da safe da cokalin azurfa, wato ƙarfen nan mai siffar cokali da ƙugiya a jikinsa, ruwa ya juya ya zama kunu shi kuma yana nan yana jefa cokalin nan har magariba yana cewa kifi sun tafi. Wani dattijon masunci da nake bin kwale-kwalensa wani lokaci, na taɓa tambayarsa na ce Baba ya kake sanin abin da za ka sa, bai ce min komai ba sai ya ɗauko farin murfin bokitin fenti da ya huda a tsakiya ya ɗaura masa dutse, ya zura a ruwa a hankali yana kallo har ya ɓace masa, ya kama igiyar a daidai wurin ya auna da hannunsa. Idan murfin ya ɓace kafin kamu ɗaya ruwa ya gurɓata, idan ya kai gaba biyu yana ganinsa to ruwa ya yi haske. Tun daga ranar ban sake fita babu irin murfin nan ba, kuma ina zura robar kanta a gefen jirgi in ga yadda take komawa kafin in fara jifa.

Sai maganar dare da asuba. Mutane suna ɗauka idan duhu ya yi sai a sa fari tas don kifi ya gani. Idan a saman ruwa kake ja, baƙi ya fi. Kifi mai farauta daga ƙasa yake kallon sama, sararin sama kuma ko da daddare ya fi ruwa haske balle a Legas da fitilun gadoji da na Apapa suke haskawa, to abin da yake gani inuwa ce, baƙar roba kuwa ita ta fi fitar da inuwa sosai. Dubi jikin kifin shawa ma, bayanta duhu cikinta fari kamar azurfa, Allah ya yi ta haka don ta ɓuya daga na sama da na ƙasa, kai kuma ba ɓuya kake so robarka ta yi ba. Robar nan mai haske a duhu da ake sayarwa tana aiki a zurfi amma sai ka haska ta da tocila kafin ka jefa, kuma bayan ɗan lokaci ka sake, da yawa suna fito da ita daga akwati su jefa haka nan.

Akwai kuma masu canza kala duk bayan jifa uku, wannan ma ɓata lokaci ne. A ruwa mai laka sosai kifi ba ido kaɗai yake dogaro da shi ba, akwai wani layi a gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya da yake jin motsin ruwa da shi, tarwaɗa kuwa ga gashin bakinta da take ɗanɗana abu da shi, ita kam kala ba ta dame ta ba, ka ba ta tana ko hanjin kaza ku rabu lafiya. Kafin ka zargi kala ka fara duba ko robar tana kaiwa zurfin da kifin yake, ka rage saurin ja ko ka ƙara, ka gwada mai ƙaraurawa a ciki ko mai wutsiya mai kaɗawa. Sai ka yi jifa kamar ashirin a haka babu labari sannan ka canza, kuma idan za ka canza kar ka tashi daga kore zuwa wani koren, tashi daga mai haske zuwa mai duhu.

Ƙanen nawa mun sake shirya masa akwatin, jajayen ya bar biyu don bakin gaɓa da lagun lokacin damina, sauran huɗun mun samu wanda ya karɓa ya ba shi cokalin azurfa ɗaya, zinare ɗaya, tsanwa mai ƙyalli da baƙa ta saman ruwa. Asabar mai zuwa in sha Allahu da asuba za mu fita, ruwa zai fara cikowa wajen fitowar rana, da azurfar zai fara.