Mitar haske a kyamara: wanne zaka zaɓa, kuma yaushe

Ranar wani ɗaurin aure na ɗauki ango da abokansa a ƙofar masallaci, kowa cikin farar shadda ga rana ta take, ina dawowa gida na buɗe hotunan a kwamfuta sai naga shaddar ta koma ruwan toka, fuskoki kuma sun yi duhu ko idon ango baka gani. Wallahi abin ya dame ni sosai don ɗaurin aure ba a maimaita shi.

Kyamara lafiyarta ƙalau, mitar da ke auna haske ce ta yi yadda aka ƙera ta. Ita duk abinda ta kalla so take ta mayar dashi toka-toka matsakaici, wanda ke dawo da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. In fari ya cika hoto sai ta rage haske, in baƙi ya cika sai ta ƙara. Ka riƙe wannan kawai sauran duk mai sauƙi ne.

Mitar tana da salon awo iri-iri da zaka iya zaɓa, ga guda uku. Na farko shi ne wanda kyamara ke zuwa dashi, Canon suna ce masa Evaluative, Nikon kuma Matrix, Nikon ɗin ne ma suka fara kawo shi a kyamararsu FA a 1983. Yana raba hoton gida-gida ya auna ko'ina sannan ya yanke hukunci. In haske ya daidaita, kamar da safe ko ƙarƙashin rumfa ko ranar hazo, barshi a nan. Hawan sallah ma shi nake bari don doki baya jiranka kana danne-danne. Amma in farin kaya sun yi yawa ka nemo maɓallin nan mai alamar +/- ka ƙara kamar +1, da nayi haka ranar da shaddar ango ta fito fes.

Akwai na tsakiya, Center-weighted, yafi ba tsakiyar hoto muhimmanci, yana da kyau in mutum ɗaya ne a tsakiya kamar hoton fasfo.

Sai Spot, alamarsa ɗan ɗigo ne, kuma anan nake so ka natsu. Ɗan wuri kaɗan yake aunawa, bai fi kashi 5 na hoton ba. Amarya na zaune taga na bayanta, ko mai waƙa a kan dandali fitila na kansa bayansa duhu, to shi zaka ɗauko ka ɗora kan fuska. Saidai fatarmu sau da yawa tafi tokar nan duhu, kaga in ka auna a kumatun baƙin mutum kyamara zata ƙara haske, fuska ta ɗashe, farin mayafi kuma ya ƙone babu zaren da zaka gani, don haka ka rage da maɓallin +/- kamar -0.5 zuwa -1 ka duba allo. Kuma ka lura, a Nikon ɗigon yana bin inda ka sa fokus, a yawancin Canon kuwa yana tsakiya baya motsi, sai ka auna fuskar da tsakiya ka danna maɓallin tauraro ya kulle hasken sannan ka gyara tsayuwar hoton ka ɗauka.

Da ka gama ka mayar da ita na farko tun kafin ka sa kyamarar a jaka, don in ka manta ta a Spot ka shiga taro, wani hoto zai yi fari fat na gaba yayi duhu.