Yadda Ake Gwada Ɓarnar Girgizar Ƙasa a Kwamfuta Kafin Ta Auku

Zanen da injiniya ya yi kafin a aza harsashi ba ya faɗin halin da bene yake ciki bayan shekara 30. Kankare ya tsufa, rodi ya yi tsatsa, an ƙara bango nan, an rushe wani can. Don haka aikin yana farawa ne daga jikin ginin.

Da farko a kafa na'urorin auna motsi: a ƙasan bene, a kan rufi, da wasu hawa na tsakiya. Dole agogonsu ya zo ɗaya, in ba haka ba lissafi ya ɓaci tun daga tushe. Ba sai an jira girgiza ba. Iska da wucewar manyan motoci suna kaɗa gini kaɗan-kaɗan, kuma hakan ya isa a san daƙiƙa nawa yake ɗauka ya karkata ya dawo. A ƙiyasi, bene mai hawa 10 yakan ɗauki kusan daƙiƙa ɗaya.

Sai a zana siffar benen a manhaja irin OpenSees, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Nan ake shan wuya, nan kuma masu gaggawa suke tsallakewa. A gwada kaɗawar siffar da abin da na'urori suka auna. Da wuya su dace a karon farko. A gyara nauyi, a gyara taurin ginshiƙai, a saka bangon bulo da aka manta, har sai sun daidaita. Amma kada kowane ɗan sauyi ya ruɗe ka: a benen da a da ake kira ɗakin karatu na Millikan, a jami'ar Caltech ta Amurka, an lura cewa ko ruwan sama yana sauya kaɗawar ginin. A tara awo na watanni tukuna.

Bayan nan a duba ƙasar da ginin yake kai. A girgizar birnin Meziko ta 1985, laka mai laushi ta tsohon tafki ta riƙa kaɗawa kusan duk daƙiƙa biyu, sai ɓarna ta fi afka wa benaye masu hawa 6 zuwa 15, waɗanda kaɗawarsu ta yi kusa da haka.

Yanzu a girgiza siffar da bayanan girgizar da ta taɓa aukuwa, kamar ta El Centro a Amurka ta 1940 ko ta Kobe a Japan ta 1995. Guda ɗaya ba ta wadatarwa, a jera da yawa. Abin dubawa shi ne yadda kowane hawa yake gocewa daga na ƙarƙashinsa. Ƙa'idar gini ta Amurka tana tsayar da iyakar gocewar a kashi 2 cikin 100 na tsayin hawa ga yawancin gine-gine.

Ba mai iya saka na'ura a kowane gida, saboda haka sai a kasa gine-ginen birni rukuni-rukuni bisa tsayi, shekaru da kayan gini, wanda aka auna ya wakilci 'yan'uwansa. Manhajar Hazus ta hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, tana raba ɓarna gida huɗu: kaɗan, matsakaiciya, mai yawa, da cikakkiya. A ɗora sakamakon a taswira unguwa-unguwa, a fara duba asibitoci, makarantu da hanyoyin da motocin ceto za su bi.