Kafin ka sayar da gonar gado

Kwana goma sha biyu na yi a gida Katsina hutun Sallah, kuma babu yammacin da na zauna a majalisarmu ta Ƙofar Sauri ba tare da wani ya ja ni gefe ba: "Yaya, don Allah a samo mana hanya." Hanyar zuwa Ingila suke nufi. Shekarata bakwai a birnin Birmingham na can, na kuma gaji da ganin yaranmu suna faɗawa ramin da na faɗa.

Fasfo, gwajin tarin fuka a Abuja, tikitin jirgi, duk wannan kuɗi ne da haƙurin layi. Sanyi kuwa, rigar gwanjo mai kauri ta wadatar.

Takarda ce farkon magana. Wadda kamfani ke bayarwa don ɗaukar ma'aikaci, da ake kira COS, ba hajar sayarwa ba ce. Tun 22 ga Yulin 2025 Ingila ta daina ɗauko masu aikin kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, saboda haka duk dillalin da ya ce maka yau yana da gurbin wannan aiki, ka kawo miliyoyi, ɗan damfara ne ko da kun haɗa kaka. Mai zuwa digiri na biyu na kwas, wato ba na bincike ba, ya sani tun Janairun 2024 ba ya tahowa da iyali, kuma awa 20 kawai aka yarje masa ya yi aiki a mako lokacin karatu. Yi lissafin haya da awa 20 tukuna, sannan ka yi wa Hajiya alkawarin kujerar Makka.

Ni inda na raina kaina shi ne wurin kwana. A Ingila doka ta tilasta wa mai gida ya duba izinin zamanka kafin ya ba ka haya. Wannan mai sauƙi ne, lamba ce za ka ciro ta intanet ka ba shi. Abin da ba ka da shi shi ne tarihi: ba ka taɓa biyan haya a ƙasar ba, banki bai san ka ba, sai a ce ka kawo mai tsaya maka. Wa zai tsaya wa baƙon jiya? Da na sha yawo, wani a zauren WhatsApp ya ce yana da ɗaki. Mutum mai fara'a, har shayi ya haɗa mini. Na ƙirga masa kuɗin wata uku a hannu, ba rasit, ba yarjejeniya, don na ji kunyar tambayar Musulmi ɗan'uwana takarda. Ashe shi ma ɗan haya ne. Wata na biyu ya yi layar zana, mai gidan na ainihi ya zo ya tarar da ni da akwatina a watan Fabrairu. Ban da ko takarda ɗaya mai nuna adireshina, ga shi banki da wurin aiki duk ita suke tambaya.

Daga baya na san cewa tun 2019 kuɗin ajiya, wato wanda mai gida ke riƙewa a matsayin jingina, ba ya wuce hayar mako biyar a gidaje irin namu, kuma dole mai gida ya saka shi a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, ya ba ka shaida. Ka biya ta banki. Ka ɗauki hoton kowane bango da kafet ranar da ka shiga. Ka tambayi wa zai biya harajin gida na ƙaramar hukuma, don ɗalibi mai cikakken karatu an ɗauke masa, ma'aikaci kuwa sai ya biya.

Wani dattijo mutumin Daura ne ya shimfiɗa mini katifa a falonsa mako uku, bai karɓi ko sisi ba. Haka mutanenmu suke a can, alhamdu lillahi: su tarbe ka a filin jirgi, su haɗa kuɗin jana'iza cikin dare ɗaya. Amma a daina saukowa ba sanarwa, a kira mutum ƙarfe biyun dare yana tsakiyar aiki a ce "Alhaji, ga ni na iso."

Ɗan yayata ya riga ya yi cinikin gonarsu ta Batagarawa don ya biya wani dillali kuɗin tafiya, saura mai saye ya biya. Na ce ya dakatar da mai saye, ya kawo mini takardar da dillalin ya ba shi gobe bayan Azahar, kafin in wuce Kano in hau jirgi.