Ga 'yan Zariya masu zuwa Kanada: maganar wiwi da takardunku

Duk Satumba sai mun tarbi sababbin ɗalibai, wasu daga Samaru wasu daga Tudun Wada ko cikin birni, kuma alhamdulillahi Bazazzagi ba ya barin ɗan uwansa ya kwana a filin jirgi, wani ya ɗauko ka wani ya ba ka rigar sanyi wani ya raka ka banki. Layin waya da katin bas kwana biyu kun gane kansu. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne wiwi, don kusan kowa ya ga shagonta a bakin titi kamar kemis sai ya ce "Yaya ashe nan ba laifi ba ne?"

Eh, tun 17 ga Oktoba 2018 doka ta ba manya dama. Kuma batun magani ba ƙarya ba ne. Sinadarin da ke bugarwa sunansa THC, a 1964 masana a Isra'ila suka ware shi, a 1985 Amurka ta amince da ƙwayar dronabinol ga masu ciwon daji da maganin asibiti ke sa su amai, daga baya aka ba masu ƙanjamau don ya buɗe musu ciki. Akwai Sativex da ake fesawa a baki ga masu wata cutar jijiya mai sandarar da jiki. Na farfaɗiyar yara kuma CBD ne, wani sinadarin na wiwi, shi ba ya bugarwa. To amma duk waɗannan likita ke rubutawa da awo, ba yaro ɗan shekara ashirin da kewar gida ta hana shi barci zai rubuta wa kansa ba. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25, kuma in akwai mai taɓin hankali a danginku THC mai ƙarfi na iya taso da shi.

Ku kula da alawa da cakulan masu wiwi a ciki a wajen taro, ku karanta bayan leda. Wadda ake ci tana iya kai awa biyu kafin ta fara aiki, mutum ya ce bai ji komai ba ya ƙara, sai dai a kira motar asibiti.

Yanzu inda ake kuka. Ɗan ƙasa in ya yi laifi hukunci zai sha ya koma gidansa, kai kuwa da takardar karatu kake zaune. Tun Disamba 2018 tuƙi cikin maye ya shiga manyan laifuka, ko mai takardar zama ta dindindin ana iya korarsa a kai balle kai. In za ka leƙa Amurka, gwamnatin tarayyarsu ba ta halatta shan ta ba, jami'in kan iyaka zai iya tambayarka, ka ce ka taɓa sha ya hana ka shiga.

Sai masu gidan haya. Yawancinsu suna rubuta hana hayaƙi a yarjejeniya, kuma wanda sunansa ke kan takardar shi ke da laifi. Na taɓa saukar da wani ƙaninmu saboda kara, ina fita aiki yana kunnawa a banɗaki wai ya buɗe taga, warin ya cika baranda har tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta kai ƙara. Na dawo da dare na tarar da takardar gargaɗi an zuro ta ƙarƙashin ƙofa, ƙarshenta cikin tsakiyar sanyi na riƙa jan akwatuna a kan ƙanƙara, kuma duk gidan da na nema sai sun ce in kawo shaidar tsohon mai gidana. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Shi ya sa in za ka ba wani masauki ka faɗa masa tun ranar farko, kunya ba ta biyan kuɗin haya.

In za ku je hutu gida, kada ku saka komai nata a jaka, ko man shafawa ne. Fita da ita daga Kanada laifi ne ko da takardar likita, ga Dubai ko Doha a hanya da ba sa wasa da wannan, ga NDLEA a Abuja da Kano. Na san Hajiya za ta ce ta ji ana maganar man ciwon gwiwa, ka ba ta haƙuri ka tura kuɗi a kai ta asibitin Shika ta ga likitan ƙashi.