Yadda ake kamun kifin tirawut daga cikin kwale-kwale a kakar Algonquin

In kana zaune a Toronto ko kewayenta, ko wata hidima ta kai ka Kanada a watan Satumba, ka ware kwana uku ka nufi gandun dajin Algonquin. Tafiyar kamar awa uku ce a mota zuwa arewa, kuma babbar hanya mai lamba 60 ta ratsa kudancinsa. An kafa gandun a 1893, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 7,600, tafki na bin tafki, rafi na haɗa su. Abin da ke kai ni can abu biyu ne, kifin tirawut da namun daji, kuma tafiya ɗaya ke kawo su, domin shirun da kifin yake buƙata shi ne dai wanda dabbobin suke buƙata.

Fara da zaɓen rana, don a nan mutane da yawa suke yin asara. Ranar 30 ga Satumba ake rufe kamun tirawut a gandun, saboda daga nan kifin zai shiga zuba ƙwai. Makonni biyun ƙarshe na watan su ne naka: ruwan ya huce daga zafin bazara, kifin ya baro zurfi ya matso gaɓa, sauro ya ɗauke, ganyen itatuwan mapul ya koma ja da ruwan ɗorawa.

Takardu biyu ne: lasisin kamun kifi na lardin Ontario tare da katinsa, da izinin kwana a cikin daji daga hukumar gandayen lardin. Duk ta intanet ake yi. An hana amfani da ƙananan kifaye masu rai a matsayin koto, an hana shiga can ciki da abincin gwangwani ko kwalba, an kuma hana jefa fatsa ƙasa da mita 100 daga kowace madatsar ruwa. Kwale-kwale haya ake bayarwa a mashigar tafkin Canoe da ta tafkin Opeongo. Ka nemi mara nauyi, domin tsakanin tafki da tafki a kafaɗa za ka ɗauke shi ka bi 'yar hanya cikin kurmi. Allo mai ruwan ɗorawa shi ke nuna hanyar, mai ruwan lemo kuma wurin kafa tanti.

Sai kayan kamun kifin. Wannan fatsa ta sha bamban da wadda muka sani. Ba tana, ba dalma. Koton ƙugiya ce da aka ɗaure wa gashin tsuntsu da na dabba har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi, kuma ba ta da nauyin da za a wurga ta da shi. Igiyar ce mai nauyi, ita ake jefawa, ta ja koton ya bi ta. Sanda mai tsawon ƙafa 9, mai lamba 5 ko 6 (lambar nauyin igiyar da ta dace da ita ke nan), ta wadatar. Igiya ka riƙe iri biyu, mai yawo a saman ruwa da mai nutsewa a hankali, a bakinta kuma ka ɗaura siririn zare marar launi mai tsawon kamar sandar. Game da ƙwarin gashin, kada mai shago ya cika maka jaka. A kaka kifin ƙananan kifaye yake farauta, don haka iri uku sun isa: Woolly Bugger baƙi ko kore, Mickey Finn mai ja da ruwan ɗorawa, da Muddler Minnow, wanda Don Gapen ya ƙirƙira domin tirawut ɗin kogin Nipigon a nan Ontario. Ƙugiya lamba 6 zuwa 10. Ka sa filaya ka matse ɗan haƙorin da ke bayan tsininta, ta yadda za ta fita cikin sauƙi daga bakin kifi, ko daga kunnen abokin tafiyarka.

Jifa kuwa a kan ciyawa ake koyonsa, kafin a bar gida. Ka zaro igiya kamar taku goma ka shimfiɗa ta gabanka. Ɗaga sandar da ɗan kuzari, ka tsayar da ita cak daidai lokacin da ta ɗan wuce kanka. Ka dakata. Wannan dakatawar ita ce dukan sana'ar: igiyar tana miƙewa a bayanka, za ka ji ta ɗan ja sandar, sannan ka tura gaba ka sake tsayarwa a daidai tsayin ido, igiyar ta warware ta kwanta kan ruwa. In ka ji ƙara kamar ta bulala, ka yi gaggawa, wataƙila ma koton ya tsinke. Ka koya a zaune kan kujera, domin a cikin kwale-kwale ba a tsayawa. Hula da tabarau dole ne.

A kan ruwa aikin mutum biyu ne. Na gaba yana jifa, na baya yana riƙe da filafili yana daidaita kwale-kwalen kamar taku goma sha biyar daga gaɓa, bayan rabin awa ku tsaya a gefe ku yi musaya. Mutum biyu su riƙa jifa lokaci guda, ƙarshensa kwance ƙulli. Wuraren nema su ne bakin da rafi yake shiga tafki, gindin itacen da ya faɗa ruwa, gefen duwatsun da ke gangarawa zurfi, da kusa da gidan biba, wata dabbar ruwa mai faffaɗar jela da ke gina gidanta da rassa, inda rassan da ta tara suke ɓoye ƙananan kifaye. Ka jefa, ka ƙirga biyar zuwa goma koton ya sauka, sai ka riƙa jan igiyar da hannun hagu taƙi-taƙi, ja biyu, tsayawa ɗaya. Sau da yawa a tsayawar yake kamawa. In ka ji nauyi, fara jan igiyar tukuna, sannan ka ɗaga sandar. In iska ta hana jifa, ka saki igiya mai nutsewa a bayan kwale-kwalen ku yi tuƙi a hankali kuna bin gaɓa. Wasu suna raina wannan dabarar, ni kuwa da ita na kama na farkona.

Ba na manta kamanninsa a cikin 'yar komar. Bayansa kore ne mai duhu da zane kamar sawun tana a laka, gefensa ɗigo-ɗigon ja, kowane ɗigo da zoben shuɗi, cikinsa ya yi jajir kamar garwashi saboda namiji ne a lokacin aure, gefen fikafikansa na ƙasa kuma fari fat kamar an ja alli. Irin wannan, ina ganin ya kamata a mayar. Ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, kada ka matse, kada ka sa yatsa inda yake numfashi, ka cire ƙugiyar yana cikin ruwa, ka tallabe shi har ya fizge da kansa. In za ku ci, ɗaya ya ishe ku miya, bayan ka duba adadin da lasisinka ya yarda.

Kallon dabbobi kuma lokaci yake so. A ƙarshen Satumba rana tana fitowa wajen bakwai, ta faɗi wajen bakwai. Da an idar da asuba ka shiga ruwa, tururi yana tashi daga tafkin har ba ka ganin ɗaya gaɓar. Kada filafili ya bugi jikin kwale-kwale, ƙarar tana tafiya nesa. Ka kutsa inda rafi ya ratsa fadama, kamar rafin Hailstorm a arewacin Opeongo, ka ajiye tuƙi, ka bar ruwa ya tafi da ku.

Babban abin nema shi ne mus, dabba mai dogayen ƙafafu da ta fi doki tsayi, namijin da ƙaho mai faɗi kamar an buɗe tafukan hannu. Gaskiya ya fi yawan shiga ruwa a Yuni da Yuli don cin ganyen bado, amma yanzu ne lokacin barbararsa, yana yawo yana gurnani, kuma ba ya da haƙuri. In ka gan shi, madubin hangen nesa shi ne kusancinka. Ya kwantar da kunnuwa ko gashin wuyansa ya miƙe, ku ja da baya nan take. Biba da yamma take fita, tana jan reshe zuwa rumbun da take tarawa don hunturu, in ta tsorata ta maka jelarta a ruwa, fas. Tsuntsun lun, mai kukan da ke ratsa dare, ya fara sauya baƙi da farin gashinsa zuwa toka-toka yana shirin ƙaura. In kun yi sa'a, bayan isha'i za ku ji kyarkeci suna amsa wa juna daga bayan tudu.

Abu biyu ba wasa a cikinsu. Na farko sanyin ruwa: rigar ceto a jikinka take zama, ba a ƙarƙashin mazauni ba, tare da usur, abin kwarfar ruwa, igiyar ceto mai mita 15 da tocila. Opeongo shi ne tafki mafi girma a gandun, iskar rana tana tayar masa da igiyar ruwa, don haka ku tsallaka da sassafe ko ku bi gaɓa. Kayan sawa na auduga in sun jiƙe ba sa riƙe ɗumi, ka sa na ulu, ka ajiye busassu a jakar da ruwa ba ya shiga, domin dare yana iya kai wa ga ƙanƙara. Na biyu beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai farata, wadda a wannan lokacin take cin duk abin da ta samu kafin barcin hunturu. Kada a kwana da ko alewa a cikin tanti. Abinci, tukunya, man goge baki da rigar da ka gyara kifi da ita, duk su shiga jaka ɗaya a rataye a reshe, mita 4 daga ƙasa, mita 2 daga jikin itacen. Ka nemi reshen ka jefa igiyar tun da la'asar, domin da magariba ta yi a cikin wannan kurmin ko tafin hannunka ba za ka gani ba.