Idan Bunsuru Ya Barbari 'Yar Akuyar da Ba Ta Isa Ba

Da farko, ɗan'uwa, rubuta ranar da abin ya faru, domin cikin akuya kusan kwana 150 ne. Ka raba ta da bunsuru, ka ɗaure ta a inuwa, ka san zafin garin Gadarif na Sudan.

Ita ma girma take yi, don haka ka ba ta barsim (ciyawar da ake shukawa don kiwo) da ɗan ambaz (tunkuza, abin da ya rage bayan an matse mai) da ruwa isasshe. Kada ka cika mata dawa a watan ƙarshe. In ɗan ya yi ƙato, ƙugunta ba zai iya ba.

Da hantsa ta cika, ka kwana kusa. Ƙafafun gaba biyu da hanci ne ke fara leƙowa. In ta yi minti 30 tana nishi ba komai, kira likitan dabbobi, kada ka ja da ƙarfi.

Da ɗan ya faɗo, share masa hanci, sa aidin a cibiya, riƙe uwar ya sha dakashi cikin awar farko.