Batirin mota da ke yawan kwanciya: a auna kafin a sayi sabo

A Yamai, idan mota ta ƙi tashi sau biyu cikin mako guda, mai ita yakan yi saurin yanke wa batiri hukunci ya sayo sabo. Sau tari ba a wata guda sabon ma ya kwanta, don tun farko ba shi ne mai laifin ba. Wutar mota ta hanya uku take ƙarewa: ko batirin ya daina riƙo, ko dinamo, na'urar da ke caja shi in inji na aiki, ba ya zuba masa, ko wani abu yana zuƙe ta da dare. Ƴar mitar auna wuta irin ta masu gyaran rediyo ta isa ta raba gardamar, in dai an bi awon a jere.

Kafin mita, ido da hannu. Buɗe kapo ka murɗa wayoyin da ke kan batirin. In ɗaya ya motsa, ko ka ga farin gari ya taru a kai, caji ba zai shiga sosai ba ko da dinamo lafiyarsa lau. Dubi murfin kuma. Ƙurar hunturu in ta haɗu da danshin ruwan batiri takan zama hanyar da wuta ke sulalewa tsakanin kawunan biyu. Ɗora baƙar wayar mita a kan mai alamar −, ka riƙa taɓa robar murfin da jar. In lamba ta fito, wanki yake so. Ruwan ɗumi kofi guda da cokalin bikarbonat sun isa, amma kada ya shiga ramukan. Wayar − ake fara cirewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Banda taba da tartsatsi a kusa, iskar da batiri ke fitarwa tana kama wuta.

Sai awon batirin kansa. A cika shi da caja tukuna, a bar shi ya kwana ba a jone da mota ba, a auna da safe. Volt 12.6 cikakke ne, 12.4 wajen kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi. In ya sauka kusa da 10.5 to ɗaki guda ya mutu, don ɗakuna shida ne a ciki, kowane na ba da wajen 2.1. Wannan ba shi da magani, ko wa ya ce zai tada maka shi. Wanda ya nuna 12.6 ma ba a gama da shi ba: mayar da shi, wani ya murza makulli kana kallon mita. Lokacin da sitata ke juya inji bai kamata ta faɗi ƙasa da 9.6 ba.

Mutane na ɗora wa sanyin Disamba da Janairu laifi saboda lokacin ne motoci ke ƙin tashi. Gaskiyar ita ce zafin Afrilu da Mayu ne ya yi ɓarnar, lokacin da Yamai da Tawa ke wuce digiri 40, ƙarƙashin kapo kuwa ya fi haka nesa. Zafi na ƙafar da ruwa yana cinye farantan ciki, sanyi tona asiri kawai yake yi. Don haka batiri mai murafu a riƙa leƙa shi duk wata, ruwa ya rufe farantan da kamar santimita guda. Tataccen ruwan batiri kaɗai ake ƙarawa. Na famfo da na rijiya suna da gishirin da ke lalata shi, asid kuma ba ya ƙafewa balle a ce a ƙara. In batirin ba a ɗaure yake da ƙarfensa ba, gargadar hanya irin ta Tawa zuwa Agadas na kakkaɓe farantan.

In batiri ya ci jarrabawa, a koma kan dinamo. Tada mota ka auna a kawunan batirin: tsakanin 13.8 da 14.5 ake so. Kunna fitilu da fankar ciki, ka ɗan taka totur. In ta kasa kai 13.5, caji ya yi kaɗan. Duba bel ko ya saki ko ya yi santsi, sannan gawayin cikin dinamo da ke cinyewa da tsufa. In ta haura 15, regilata, mai daidaita ƙarfin cajin dinamo, ce ta lalace tana dafa batirin, za ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wasu sababbin motoci na rage caji da gangan in batiri ya cika, kada wannan ya ruɗe ka. A tsofaffi kuwa, ƴar jar fitilar batiri ta gaban direba in ba ta kama ba sa'ad da aka murza makulli, ƙonewarta kaɗai na iya hana dinamo fara caji.

Akwai al'adar cire wayar batiri inji na aiki, wai in mota ba ta mutu ba dinamo na da kyau. A daina. Wutar kan yi tsalle ta ƙone kwamfutar mota, kuma gwajin ba ya nuna ko cajin ya isa.

Saura ɓarawon dare, wanda ya fi cin lokaci. Kashe komai, zare makulli, rufe ƙofofi. Matsar da jar wayar mita zuwa ramin 10A, na auna yawan wutar da ake ja (A na nufin amfiya), cire wayar − daga batiri, ka sa mitar tsakaninsu: ɗaya a kan batirin, ɗaya a kan wayar. Kada a murza makulli a haka, fiyus ɗin mitar zai ƙone. Jira minti 30 na'urorin mota su yi barci. Abin da bai wuce 0.05 A ba daidai ne.

Lissafin ya nuna dalili. Ƙwan fitila mai watt 5 da ya ƙi mutuwa a wurin ajiye kaya yana jan wajen 0.4 A, kusan 10 Ah ke nan a kwana guda (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri ke riƙewa). Batiri mai 60 Ah kwana uku ko huɗu ya ishe shi ya kasa juya inji. Riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya kana mayarwa, wanda lambar ta sauka da ka zare shi, layinsa ne ke sha. Fara zargin abin da aka ƙara bayan sayen motar: rediyo, na'urar ƙararrawa, na'urar bin sawun mota, cajar waya da aka jona kai tsaye. Waɗannan sau da yawa ba su bi ta akwatin fiyus ba, sai an bi wayarsu da hannu. In an gama fiyus duka lambar na nan, raba mitar da batiri, kwance babbar wayar bayan dinamo ka naɗe bakinta, ka sake aunawa. In ta sauka, diyod ɗin cikin dinamo, wanda ke hana wuta komawa, ne ya fashe yana mayar da wuta baya.

Wani lokaci duk awon ya fito daidai, matsalar yadda ake hawan motar ce: gida zuwa ofis minti goma, fitila da sanyi a kunne, sannan ta yi kwanaki a ajiye. Batirin da ke zama rabi-rabi farantansa na yin ɓawon da ba ya narkewa, kuma wanda ya kwanta sarai tuƙin rabin awa ba ya cika shi. A sa shi a caja mai ba da 4 zuwa 6 A ya kwana, in kuma motar za ta wuce mako biyu ba a taɓa ta ba, a cire wayar −.